Tallafin sana'a ga waɗanda suka fito daga gidan yari: a bi su da kuɗin har shagon oga

Edita,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da aiki, da kai da duk ma'aikatanka, Allah ya ƙara basira. Dan Allah a ɗan ba ni fili in yi magana a kan kuɗin tallafin da ake cewa ana warewa don koya wa waɗanda suka fito daga gidan yari sana'a. Ni ba lauya ba ne kuma ban taɓa aikin gwamnati ba, walda nake yi a nan Kano, amma tunda mu ne ake kawo wa yara su koyi aiki ina ganin muna da ta cewa, duk da dai ba a cika tambayarmu ba idan an zauna tsara abin.

A watan Nuwamba na 2023 Ministan Harkokin Cikin Gida Olubunmi Tunji-Ojo ya sanar da sakin fursunoni 4,068 da suka kasa biyan tara, aka tara Naira miliyan 585 daga kamfanoni da masu hannu da shuni aka biya musu, aka kuma ce kowa za a ba shi Naira 10,000 ya yi kuɗin mota zuwa gida. Wallahi aikin alheri ne, duk wanda ya sa hannu Allah ya saka masa. Haka ma gwamnoninmu da attajirai suke yi duk azumi ko da sallah, a je gidan yari a biya wa mutane tara ko bashi a buɗe musu ƙofa. To amma Edita, mutumin da ya kasa biyan tarar dubu hamsin ko dubu ɗari har ya kwashe watanni a ɗaure, kuma a duk danginsa ba a samu wanda zai fanshe shi ba, me kake zaton zai tarar a gida? Dubu goman nan kafin ya shiga mota ya ci abinci ya sayi silifas da sabulu ta ƙare, shagon da yake zama a da wani ya maye gurbinsa, wanda yake ba shi babur haya ya ba wani, wataƙila matar ma ta koma gidansu. Mutanen da za su tarbe shi da fara'a su ba shi wurin kwana su ne dai abokan da suka kai shi can tun farko. Daga nan kowa ya san sauran labarin, gandirobobi ma sun san fuskokin da ke fita su dawo.

A takarda kam ba mu da matsala. Tun a 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar da ta canza wa hukumar gidajen yari suna ta koma hukumar gidajen gyaran hali, kuma dokar ta ɗora wa hukumar alhakin ba fursunoni ilimi da koya musu sana'a da noman zamani. Har ta ce idan aka yi wata sana'a a ciki aka samu kuɗi a raba uku, kashi ɗaya na fursunonin da suka yi aikin ne, ɗaya a juya sana'ar da shi, ɗaya ya shiga asusun gwamnati. Ta kuma yi maganar takardar shaidar kyakkyawan hali da za a ba wanda ya gyaru in zai fita, kuma ba a yarda a nuna wa mai wannan takarda bambanci saboda ya taɓa zaman kaso ba. Akwai gonakin hukumar irin na Kujama a Kaduna da Lakushi a Filato, akwai gidan horon yara na Kakuri, jami'ar karatu daga gida ta NOUN ma tana da cibiyoyi a wasu gidajen yarin inda fursunoni ke karatun digiri kyauta. Duk wannan gaskiya ne kuma ba na raina shi.

Inda gizo ke saƙar shi ne, wa ke samun horon? Cikin mutum kusan dubu tamanin da ke tsare a ƙasar nan wajen kashi biyu cikin uku jiran shari'a suke yi, ba a yanke musu hukunci ba. Su kuwa masu jiran shari'a ba su ne ake fara sa wa a ɗakin koyon sana'a ba, don ba wanda ya san ranar fitarsu, yau ne ko shekara uku masu zuwa. Mutum zai yi shekaru yana zaman kashe wando a ɗaki cunkushe, wata rana alƙali ya ce ba hujja a sallame shi, ya fito ba laifi ba sana'a, amma a unguwa sunansa ɗan gidan yari. Su kuma waɗanda aka yanke wa hukunci da suka samu shiga wokshop, duk mai sana'a ya san koyo na cin kaya. Yaro ba zai iya walda ba sai ya ƙona ilektrod ya lalata ƙarfe, tela ba zai iya ba sai ya ɓata yadi, kafinta sai ya yanke katako ba daidai ba. Inji ɗaya mutum talatin, wuta ta zo ta ɗauke, to kallo aka koya ba aiki ba. Gidan yarin Kurmawa da ke nan Kano tun 1910 aka gina shi zamanin Turawa, ba don koyar da sana'a aka tsara shi ba, shi ya sa nake fatan sabon ginin Janguza da aka yi don mutum 3,000 ba ɗakunan kwana kaɗai aka yi wa tanadi ba.

Sai kuma ranar rabon kaya. Ka san yadda ake yi, a kafa rumfa a jera kekunan ɗinki da injinan aski da injin walda, a kira 'yan jarida, babban baƙo ya miƙa a ɗauki hoto. Ba na cewa ba wanda ya amfana, akwai. Amma ka ba mutum injin walda ba shago, ba janareta, ba kuɗin mai ga shi tun da aka cire tallafin fetur a 2023 kowa ya san yadda lita ta koma, ba giranda ba abin yankan ƙarfe, uwa uba ba kwastoma, don ba mai ba sabon hannu aikin ƙofar gidansa ya ba shi adibas na dubu ɗari biyu balle wanda aka san jiya ya fito. Sati biyu yunwa ta ciyo shi sai ya ɗauki injin ya kai kasuwa ya sayar rabin kuɗi. Mu da muke cikin harkar muna ganin irin waɗannan injina sabbi fil ana yawo da su ana neman mai saye. Sai a ce ai ka gani, ba sa gyaruwa. Ni kuma ina cewa ko ɗan malamin unguwa ka yi wa haka abin da zai yi kenan.

Abin da nake so a gane shi ne a ƙasar Hausa ba a ajin sati shida ake koyon sana'a ba, a gaban oga ake koyo. Duk wani makanike da ke Ƙofar Ruwa, duk mai gyaran waya a Farm Centre, duk maƙerin da ke tsohuwar Panteka a Kaduna yana haɗa injin niƙa da hannunsa, a ƙarƙashin wani ya tashi. Kuma ba aikin hannu kaɗai ake samu a wurin oga ba, a nan ake sanin dilan da zai ba ka ƙarfe bashi, a nan kwastoma ke sanin fuskarka, a nan ake koyon yadda ake yanka farashi da yadda ake haƙuri da mai aikin da ya zo yana faɗa. Ranar da aka yaye ka ogan ne zai riƙa turo maka ƙananan ayyukan da suka yi masa yawa har ka tsaya da ƙafarka. Wannan shi ne abin da tsohon fursuna ya rasa, mutanen da za su yarda da shi, kuma ba a rabawa a rumfar taro.

To shawarata, kuɗin tallafin nan ya bi mutum ɗaya ɗaya har shagon da zai zauna. Tun saura wata uku ko shida ya fita a san me yake so ya koya, a san unguwar da zai koma, a nemo ogan da ya yarda zai karɓe shi ta hannun ƙungiyar masu sana'ar, su ga juna tun yana ciki, ai ba a fafe gora ranar tafiya. In ya fito, duk wata a ba shi kuɗin abinci da na mota, ba mai yawa ba, wanda dai zai hana shi tunanin inda zai samo na kalaci. Shi ma ogan a ba shi nasa na kayan da za a lalata wajen koyo da ɗawainiyar da yake yi. A ci gaba da haka shekara ɗaya aƙalla, don walda ko kanikanci ba a iya su a wata uku ko wa ya faɗa maka. Kayan aiki kuma sai ranar yaye, bayan ogan da shugabannin ƙungiya sun shaida ya iya, kuma a haɗa masa da kuɗin hayar ɗan wuri ko a bar shi ya raɓa a gefen ogan yana karɓar nasa aikin. Kuɗin kuma kar a zube shi gaba ɗaya a hannun kowa, wata wata ta asusun banki, in yaro ya daina zuwa a tsayar.

Babbar matsalar da ba a faɗa a taro ita ce wa zai tsaya masa. Kowane oga in an kawo masa yaro abin da zai fara tambaya kenan, ɗan waye, wa zan nema in wani abu ya ɓata. Na taɓa karɓar wani yaro da ya fito, kawunsa ne ya kawo shi tare da limamin masallacinmu, ba don su ba wallahi da ban karɓa ba, shagona da kayan mutane a ciki. Watannin farko ba su yi daɗi ba ko kaɗan, ba ya iya tashi da wuri, ƙaramin abu ya fusata, sauran yaran kuma in sufana ta ɓata kowa shi yake kallo, har wani kwastoma ya ja ni gefe ya ce in dai da yaron nan za a zo ɗaura masa taga to a bar aikin. Na riƙa ba shi na abinci daga aljihuna. Yanzu dai yana haɗa ƙofa shi kaɗai kuma hannunsa ya fi na wasu da suka riga shi zuwa. Amma ni mutum ɗaya kaɗai na iya ɗauka, kuma don limamin ya tsaya ne. Mutum nawa ne ke fitowa ba kawu ba liman? Shi ya sa nake cewa a cikin kuɗin tallafin a ware wani abu a ajiye, in kayan oga sun ɓata ta dalilin wanda aka kawo masa kuma aka tabbatar, a biya shi. In masu sana'a suka san haka za ka ga da yawa sun buɗe ƙofa. Masu unguwanni da dagatai su ma a sa su a ciki, su ne suka san gidan kowa.

Na san abin da wasu masu karatu za su ce, don an sha faɗa min a majalisa: ɗana bai taɓa sata ba, ya gama sakandare yana zaune ba aiki, sai ɓarawon waya za a ba alawus? Maganar tana da zafi kuma ba zan ce ba ta da tushe ba, wanda aka taɓa ɗora wa wuƙa aka karɓe masa waya ba zai ji daɗin wannan wasiƙar ba. Amma mu yi lissafi. A 2024 aka ƙara kuɗin ciyar da fursuna ɗaya daga Naira 750 zuwa Naira 1,125 a rana. A shekara ya haura dubu ɗari huɗu kenan, abinci kaɗai, ba a sa albashin gandiroba ba, ba man motar kai shi kotu, ba magani, ba lokacin ɗan sanda da alƙali. Kuɗin nan namu ne kuma ana kashe shi ko mun so ko mun ƙi duk lokacin da mutum ya koma. Sannan kafin ya koma ɗin sai ya cuci wani tukuna, wataƙila ɗan naka da bai taɓa sata ba. Kuma ba kowa ne ɓarawo a ciki ba, akwai wanda bashi ya kai shi, akwai rikicin gona, akwai wanda aka kwashe a kame yana kan hanyarsa ta gida.

A Amurka tun 2008 suke da wata doka da Shugaba George Bush ya sa wa hannu wadda ake ba jihohi da ƙananan hukumomi da ƙungiyoyi masu zaman kansu tallafi don taimaka wa waɗanda suka fito su samu aiki da matsuguni da maganin shaye-shaye. Wani bincike da cibiyar RAND ta fitar a 2013 ya nuna fursunonin da suka yi karatu ko koyon sana'a a ciki yiwuwar komawarsu ta ragu da kashi 43 cikin ɗari in an kwatanta da waɗanda ba su yi ba. Ba wai komai nasu ya dace da mu ba, su kansu gidajen yarinsu cike suke maƙil. Abin da ya burge ni kawai shi ne suna ƙirga wanda ya koma da wanda bai koma ba. Mu nan abin da ake ƙirgawa shi ne keke nawa aka raba.

Ina kuɗin zai fito? Ai ba sai an ƙirƙiro sabuwar hukuma da sabbin motoci ba. Muna da hukumomin gwamnatin tarayya irin su NDE da ITF da SMEDAN, duk aikinsu kenan koyar da sana'a da tallafa wa ƙananan masu sana'a. An kawo shirin IDEAS na Bankin Duniya da ya shafi koyon sana'a har da na wurin masu gidan sana'a, hukumar kula da ilimin fasaha ta ƙasa, NBTE, da ke Kaduna ma ta shiga Panteka don a riƙa ba masu aikin hannu takardar shaidar ƙwarewa. Abin da ya rage a ware wa waɗanda suka fito wani kaso a cikin waɗannan, a kuma sauƙaƙa musu shiga, don mutumin da jiya ya fito ba shi da waya balle data, wani ko lambar NIN ba shi da ita, kai kuma ka ce ya je intanet ya cike fom. A yi musu NIN da asusun banki tun suna ciki mana. Su kuma gwamnonin jihohi yanzu ba su da bakin cewa ai gidan yari na Abuja ne, tun gyaran tsarin mulki na watan Maris 2023 harkar ta koma cikin abubuwan da jiha ma ke da hurumi a kai, kuma dama yawancin waɗanda ke tsare kotunan jiha ne suka tura su. Sai hukumomin zakka irin Hukumar Zakka da Hubusi ta Kano, malamai sun fi ni sani amma matalauta da masu bashi suna cikin waɗanda aka ambata. Attajirin da ke fitar da mutum ɗari duk azumi, da zai riƙa haɗawa da ɗaukar nauyin koyon sana'ar ko da ashirin daga cikinsu har a yaye su, ina ganin ladan ba zai ragu ba.

Abu ɗaya da nake tsoro, da zarar an ji akwai kuɗi za ka ga ƙungiyoyi sun tsiro ko'ina masu ofis a jaka, a kama ɗakin taro a otal a yi kwana uku ana koya wa mutane haɗa sabulun ruwa da man shafawa, a raba satifiket da lemo, rabin sunayen ma 'yan uwan masu shiryawa ne da ko ƙofar ofishin 'yan sanda ba su taɓa takawa ba. Akwai ƙungiyoyi na gaske da suka daɗe a harkar, irin PRAWA da aka kafa tun 1994, ba da su nake ba. Maganin na bogin shi ne sunaye su fito daga rajistar gidan yarin kanta, kuma kashin ƙarshe na kuɗin kowace ƙungiya kar a biya sai an je shagon an ga mutumin da ido yana aiki bayan shekara. Ba sai an buga sunan kowa a jarida an ƙara tona masa asiri ba, adadi ya isa, mutum kaza muka ɗauka, kaza suna aiki, kaza sun gudu, kaza sun koma.

Kar a manta da mata, duk da ba su da yawa a ciki nasu ya fi wuya, mace in ta fito sau da yawa auren ya mutu dangi kuma suna jin kunyarta, ita tata ogar a cikin gida za a nemo mata, mai ɗinki ko saƙa ko girkin sayarwa. Sannan maganar ƙwaya. Da yawa daga cikin samarin nan shaye-shaye ne asalin matsalarsu, in ba a haɗa da magani ba to alawus ɗin wurin dila zai tafi, ni kuwa ba zan sa wanda yake cikin maye ya riƙe giranda ba, zai yanke hannunsa ko na wani.

Ina roƙon 'yan majalisar dokokin jihohinmu, in an zo sauraron ra'ayin jama'a kan kasafin kuɗi, su tambaya ko akwai layi ɗaya da aka rubuta don wannan, in babu a sa, ko da mutum ɗari biyu za a fara gwadawa da su a cikin birni. Kuma a gayyaci shugabannin masu walda da teloli da kafintoci da makanikai a ji ta bakinsu kafin a rubuta tsarin, su za su faɗi wata nawa kowace sana'a ke ci da abin da ake kashewa a kan ɗan koyo ɗaya, da kuma waɗanne ogogi ne za a iya damƙa wa mutum amana.

Na gode Edita, a huta lafiya.

Naku,
Wani mai walda daga Kano